Yankan da Bai Tara Mugunya Ba

Zari mugun hali ne, kuma ba a bakin akushi kaɗai yake zama ba. Akwai zarin tuwo, akwai zarin sarauta, akwai kuma wanda mutanen dā ba su san shi ba sai da ƙwayar Turawa ta fito daga asibiti ta shiga aljihun kowa, wato zarin magani. Mai shi in ya ji an ce kaɗan na warkarwa, sai ya ce ashe mai yawa zai hana ciwo zuwa. Wannan hali shi ya kama Nagoda mahauci a Tudun Wadan Zariya, 'yan shekaru kafin a ba ƙasa mulkin kai.

Nagoda ba rago ba ne, a ba shi wannan. In ya durƙusa kan sa, kafin mai kalangu ya gama gyara kiɗa ya raba fata da nama, ba huda ko ɗaya. Majema har rububin fatar da ya feɗe suke yi. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya. Mahauci da yanka kamar maƙeri ne da ƙuna, yau barho ya zame, gobe ƙashi ya soka. Mahautan kasuwar kuwa suna da ƙa'ida tun kaka da kakanni: duk wanda ciwon hannunsa ya tara mugunya, ba ya taɓa naman sayarwa sai ya bushe. Sarkin Pawa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kan wannan, ko ɗan cikinsa ne. Sai mutum ya tafi wurin Salmanu wanzami, wani tsoho da ke shimfiɗa tabarmarsa gindin durumi a bakin kasuwa. Ya latsa ya ce bai nuna ba, a dawo. In ya nuna ya tsaga da aska, ya matse, ya ɗaure, a koma gida a jira.

Wata Babbar Salla, ana jajibiri, yatsan Nagoda ya kumbura suntum. 'Yan'uwansa mahauta suka bi gida gida suna fiɗar raguna, suna dawowa da rabonsu na nama, shi kuwa yana zaune ƙofar gida da hannu naɗe a tsumma. Duk wanda ya wuce sai ya jefa masa magana.

"Amarya, an sa lalle ke nan? Ina zungurun?"

Maganar nan ta tsaya wa Nagoda a rai. Ya rantse ba za a sake ganinsa da mugunya ba.

Ana nan, wata rana zazzaɓi da ciwon kai suka kama shi a tashar mota. Akwai wani Kailani da ke yawo da akwatin magani a wuya, ya ba shi wata ƙwaya fara.

"Biyu, in ciwo ya zo," in ji Kailani. "In ya tafi ka bar ta. Ba goro ba ce."

Kafin Nagoda ya isa gida, kai ya sake, jiki ya yi sanyi. Sai ya zauna ya yi lissafinsa na wauta. In biyu suna korar ciwon da ya shigo, to wanda ke sha kullum ai ciwo ko ƙofarsa ba zai leƙa ba. Ya koma ya cika gwangwanin taba da ita, ya cika wani ya ajiye a ɗaki. Da safe ya kora ta da koko, da azahar ya ƙara, bayan tuwo ya ƙara. Matarsa Rakiya ta ce, "Maigida, mutum lafiyarsa lau yana shan magani?"

"Rigakafi ya fi magani," in ji shi.

Karin maganar gaskiya ce, amma gaskiya a bakin wawa wuƙa ce a hannun yaro. Damina ta wuce, rani ya shiga, yana nan yana zubawa.

Da watan Babbar Salla ya sake tsayawa, ranar nan yana gyaran tumbin saniya a kwata, barho ya zame ya shige tsokar gindin babban yatsansa na hagu, ya shiga da ƙazantar tumbin gaba ɗaya. Ya wanke, ya ɗaure. Irin wannan yanka ya san shi, gobe zai yi ja, jibi zai kumbura, gata sai gindin durumi. Gari ya waye, ba komai. Aka sake kwana, ba komai. Ya kwance tsumman ya duba. Ciwon na nan da baki buɗe, amma a bushe, ba ja, ba kumburi, ba ɗigon mugunya.

Murna kamar ta kashe shi. Ya ɗaga hannun ya zaga rumfar mahauta da shi kamar mai tallan zobe, har gaban Sarkin Pawa.

"Ranka ya daɗe, a duba. Ina mugunya?"

Sarkin Pawa ya juya hannun, ya latsa, ya shinshina. Fuskarsa ba ta saki ba, amma ƙa'ida mugunya ta ambata, mugunya kuwa babu. Ya ce ya ci gaba da aiki.

Sai ga Nagoda gindin durumi, ba don ciwo ba, don askin Salla. Salmanu ya jiƙa masa kai, ya ɗora tafin hannu, ya ɗauke da sauri.

"Kai, Nagoda! Kanka kamar murfin tukunya."

"Rana ce, Baba."

"Ranar ni ma a cikinta nake. Me ya sa muryarka ta shaƙe?"

"Ɗan miki ne a baki, ba ya hana komai. Bar wannan, ga abin kallo." Ya miƙa masa hannun hagu har kusa da hanci. "Yankan tumbi ne fa. Da bara ne da yanzu kana wasa aska. Baba, ka nemi wata sana'a, taka ta kusa mutuwa."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya riƙe hannun ya daɗe yana kallo. Gefen ciwon ya soma yin toka-toka, kamar naman da ya kwana a iska. Ya latsa, ya dubi fuskar Nagoda, ya ga ko gezau.

"Tun ina riƙe wa ubana zabira nake ganin yanka," in ji Salmanu. "Wanda ya yi zafi, ya kumbura, ya hana mai shi barci, ba na tsoronsa, na san ranar da zai nuna. Wannan ban san shi ba. Ciwon da ya yi shiru haka, askata ba ta taɓa shi. Tashi ka tafi asibiti."

"Wanzami ne yau ke tura mutum asibiti? Lalle duniya ta zo ƙarshe."

"Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. Sunkuyo in gama maka askinka."

Kashegari Linus ya zo sayen hanta. Linus Inyamiri ne, a barikin 'yan jirgin ƙasa aka haife shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Aikinsa a asibiti duba jini da madubin likita mai nuna abin da ido ba ya gani, kuma ya daɗe yana sayen nama a teburin Nagoda. Ya tarar da shi tsakar rana yana rawar ɗari, goro a hannu ya kasa taunawa.

"Sarkin yanka, yau wa ya yanka ka?"

"Yawwa, Malam Linus, gara da ka zo. Kai ne mai ilimin abin. Duba nan. Ka taɓa ganin jini mai tsabta irin nawa? Ko mugunya ba ya yi."

Linus ya duba hannun, ya ce ya buɗe baki, ya leƙa. Ya ajiye hantar a kan tebur bai ko tambayi kuɗinta ba.

"Ban taɓa gani ba," ya ce a hankali. "Zo mu je in duba shi a madubi, yanzu."

"Madalla! In mun dawo ka faɗa wa tsohon can na gindin durumi da bakinka."

Ka ji abin da ya kai shi asibiti. Ba tsoro ba ne, alfahari ne.

Ɗakin Linus ƙarami ne, warin magani ya cika shi. Ya ɗebi jinin Nagoda ya zuba a wata siririyar kwalba, ya ɗebi nasa na kansa ya zuba a wata, ya sa su cikin wani ƙarfe mai mariƙi ya yi ta juyawa kamar mai niƙa. Da ya fitar da su ya ɗaga su wajen taga. Jinin ya rabu, ja ya kwanta ƙasa, ruwa mai launin ɗorawa ya hau sama. Wannan bai ba Nagoda mamaki ba, ya sha ganin haka a ramin kwata.

"Dubi tsakani," in ji Linus. "A tawa kwalbar me ka gani?"

"Wani farin zare, kamar yanar nono."

"A taka fa?"

Nagoda ya matso, ya ƙanƙance ido. Ja, sai ɗorawa, babu komai tsakaninsu.

"Ka gani ko? Nawa ba datti."

Linus ya soki nasa yatsan, ya ɗiga jini kan ɓallin gilashi, ya taɓa gefe ɗaya da tsinin allura da ya shafo 'ya'yan cuta, irin waɗanda ke ruɓar da ciwo. Ya ɗumama gilashin kusa da fitila, ya sa a ƙarƙashin madubi, ya daidaita, ya jira. Can ya ce, "Rufe ido ɗaya ka leƙa. Nawa ne. Kada ka yi gaggawa."

Da fari Nagoda haske kawai ya gani. Sai ga wasu jajaye kewayayyu birjik, kamar an baza waina a faifai. Sai a tsakaninsu ya ga wani abu fari-fari, ba kai, ba ƙafa, ba siffa. Yana kallonsa, abin ya miƙo wani gefe na jikinsa kamar harshe, ya manne da gilashin, ya jawo sauran jikin ya bi. Ya sake miƙawa, ya sake ja. Tafiyar dodon koɗi ce, wanda aka zare daga koɗinsa.

Nagoda ya yi baya har ya ture kujera.

"A'uzubillahi! Rai gare shi! Malam Linus, wannan abin a jikinka yake?"

"A jikin kowa. Har Sarkin Pawa. Koma ka duba inda ya nufa."

Ya koma ya leƙa. Ashe ba ɗaya ba ne. Ga wani can, ga wani nan, kuma ba yawon banza suke ba, duk gefe guda suka dosa, wajen da allura ta taɓa. Ya tuna yadda in ɗigon kitse ya faɗi ƙarƙashin teburinsa, kafin ka juya tururuwa ta yi layi daga inda ba ka sani ba. Na gaba ya isa wurin wasu ɗige-ɗige baƙaƙe, ya buɗe jikinsa ya rufe ɗaya, ɗigon ya koma cikinsa.

"Ya cinye! Wallahi ya cinye!"

"Aikinsu ke nan. Fararen jini muke ce musu, su ne zaren da ka gani a kwalbata. Ka san inda ake haihuwarsu? A ɓargo."

"Ɓargon da nake fasawa in tsotse?"

"Irinsa, na cikin ƙashinka. Daga can suke shiga jini suna zagaya jiki. In aka yanke ka, naman da ya ji ciwo yakan saki wani abu kamar wari. Waɗanda ke wucewa ta jijiyar kusa sai su ji, su rage gudu, su dinga mirginawa a bangon jijiyar har su manne. Daga nan su lanƙwashe su matse ta tsakanin bangon, yadda kyanwa ke bi ta ƙarƙashin ƙyaure, su fita cikin nama, su bi warin da rarrafe har bakin ciwo. Jan da kake gani da zafi da kumburi, hanya ce jiki ke buɗe musu."

"In sun ci fa?"

"Su ci, su ci, su mutu a wurin. Ba sa komawa gida. Gawarsu ce ke taruwa fara, ita kuke kira mugunya."

Nagoda ya buɗe baki ya kasa rufewa. Abin da ya yi shekaru yana tofa wa yawu, abin da ya sa aka kira shi amarya, ashe gawar masu mutuwa dominsa ce. Rashin sani ya fi dare duhu.

"To sa nawa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Linus ya sa. Nagoda ya leƙa. Ga jajayen nan birjik, lafiya lau. Ya jira fari ya motsa. Linus ya tura gilashin gefe, jajaye. Ya tura sama, jajaye. Ya tura ƙasa, ya sake ɗiga wani jinin a sabon gilashi, ya shafa masa shuni don su fito sosai. Babu. Kamar a yi yanka a kwata tun safe, ka ɗaga kai ka ga ko ungulu ɗaya ba ta zo ba.

"Ina nawa?"

"Ni ma su nake nema tun ɗazu."

"Malam Linus, bar wasa. Ina suka tafi?"

"Ciwonka yana ta kira tun ranar da aka yi shi, ba mai amsawa. Shi ya sa ya yi shiru. 'Ya'yan cuta suna cin naman hannunka, babu mai ce musu kanzil. Mikin bakinka ma su ne. Faɗa mini gaskiya, me kake sha?"

Nagoda ya zaro gwangwanin taba. Linus ya buɗe, ya tambayi tun yaushe, kuma nawa a yini. Da ya ji amsa sai ya dafe kai, ya fita da gwangwanin, ya dawo da likita, wani dogo mai furfura. Likita ya duba madubi, ya duba hannu, ya yi magana da Turanci, Linus na juyawa. Irin wannan ƙwaya, in ji shi, akwai mutanen da in sun daɗe suna sha takan sa ɓargonsu ya daina haihuwar fararen jini. In an bar ta, sau da yawa ɓargon yakan farfaɗo. Amma kafin nan mutum gida ne ba ƙyaure. Sai ya kwanta yau ɗin nan, a yi ta yi masa allura tana tsare masa ciwon, hannun kuma kada ya kusanci ƙazanta ko ta ƙwayar zarra. In an yi haka, akwai fatan hannun ya tsira.

"Jibi fa Salla," in ji Nagoda.

"Sallar baɗi ma tana nan tafe," in ji Linus. "Hannu kuwa ba a sayar da shi a kasuwa."

"To bari in je in ɗauko tabarma da buta, in sallami iyali."

Kuma har ga Allah da niyyar dawowa ya fita. Yana tafe yana riƙe da hannun a ƙirji kamar jariri, duk ƙudan da ya zo kusa sai ya kauce masa. Kowa ya gani a hanya, mai tura kura, mai tallan gyaɗa, sai ya ce a ransa, wannan ma yana da su, ni kaɗai ne fanko.

Hanyar gidansa kuwa ta bakin kasuwa ta bi. Mahauta sun zauna suna wasa wuƙaƙen Salla, ana rabon unguwanni, wa zai bi ina. Mai kalangu ya hango shi ya saki takensa. Wani daga cikin rumfa ya ɗaga murya.

"Nagoda, an ce an gan ka asibiti! Bana ma lallen za a sa? Faɗa mana da wuri mu raba gidajenka."

Aka fashe da dariya. Nagoda ya tsaya. Abin da ya gani a madubi yana nan a idonsa, bai manta ko ɗaya ba. Amma ya dubi hannun, ba ya ciwo. Ya dubi bakunan da ke dariya.

"Wanda ya taɓa mini gida ɗaya, sai na feɗe shi da ragon," ya ce.

Kwana biyu ne kawai, haka ya gaya wa kansa, in an gama fiɗa sai ya je ya kwanta. A gida zazzaɓi ya rufe shi har haƙora na haɗuwa. Ya san da wannan jiki ba zai iya riƙe barho ba, ya kuma san abin da ke sauke zazzaɓin. Ya sa hannu ƙarƙashin gado ya jawo gwangwani na biyu. Rakiya ta riƙe masa riga.

"Maigida, da bakinka ka ce mini ita ta kashe maka abin nan na cikin jini!"

"Wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi. Ba ni ruwa."

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Da bai sani ba, da sai a ce ƙaddara. Amma an nuna masa da idonsa.

Ranar Salla, da aka sauko daga idi, ya fara. Gida na fari, na biyu, na uku, barho a dama, hagu na cikin rago. Mai fiɗa da hannun hagu yake aiki fiye da dama: shi ke dunƙulewa ya kutsa tsakanin fata da nama, shi ke shiga ciki ya jawo tumbi da hanji. Duk inda zazzaɓi ya taso, ya watsa ƙwaya a baki ya ci gaba. Bai kwance tsumman ba, ba ya son ya gani. Wani wari yana binsa, ya ce na kayan ciki ne.

Kashegari aiki ya kai shi wani gida a Tudun Jukun. An rataye rago, mai gida da 'ya'yansa da maƙwabta suna tsaye suna kallon gwani. Nagoda ya tsaga, ya dunƙula hagu ya tura ƙarƙashin fata, ya danna da ƙarfi. Da ya zaro, tsumman ya zame ya zauna a ciki.

Mai gida ne ya fara gani.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, hannunka!"

Babban yatsa da tafin sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi, sauran yatsun sun yi shuɗi, fatar bayan hannun ta saɓule ta bi tsumman. Babu jini, babu mugunya. Mata suka leƙo daga zaure suka koma da salati. Wani ya toshe hanci ya ce a sauke ragon nan, ba mai cin sa. Nagoda ya ɗaga hannun yana kallo kamar na wani ne aka ba shi riƙo. Ya ce wa yatsun su motsa, suka ƙi. Sai ƙasa ta juya masa, ya faɗi kan fatar ragon.

A amalanke aka tura shi asibiti. Ya daɗe tsakanin rai da mutuwa, ana ta yi masa allura, ba ya sanin wanda ke kansa. Ƙwaya kuwa an raba shi da ita, don Rakiya da hannunta ta juye sauran a masai. Kullum Linus ya zo ya ɗebi jini ya tafi, ya dawo ba labari.

Ran nan da hantsi ya shigo da sauri, har yana tuntuɓe.

"Sarkin yanka, na gan su! 'Yan ƙanana ne, sababbin haihuwa, amma suna nan. Ɓargonka ya tashi."

Bayan wannan wuyan hannun ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi. Ciwon da Nagoda bai ji ba tun farko ya zo masa gaba ɗaya, ya yi ta ihu har ana jin sa a bakin titi. Da aka kwance ɗaurin, mugunya ta ɓalle ta cika tasa. Salmanu wanzami ya zo dubiya a ranar, yana tsaye da zabirarsa a kafaɗa. Ya leƙa tasar, ya ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi. Yau ga ciwon da na sani."

Nagoda ma kallon tasar yake, hawaye na zuba. Bai taɓa zaton zai ga mugunya ya ji kamar ya ga ɗan'uwa ba. Ya juya wajen Linus.

"Sun zo ke nan. To hannuna zai tashi?"

Linus ya nuna masa da tsinke, bai taɓa ba. Jan da kumburin sun zagaye wuyan hannun kamar awarwaro. Daga nan zuwa sama nama ne mai rai. Daga nan zuwa yatsu baƙi ne.

"Ka ga inda suka tsaya? Ta jijiya suke zuwa. Inda nama ya mutu, jini ba ya shiga, su ma ba su da hanya. Sun taru a nan don kada abin ya hau zuwa kafaɗa. Ranka suka tsare."

"A ƙara musu kwana mana! A ba su lokaci!"

"Lokacin shi ne ranar da ka tafi ɗauko tabarma."

Nagoda ya dubi Salmanu, ko tsohon zai ce wani abu dabam. Salmanu ya gyara zabirarsa.

"Garin gyaran gira ka rasa ido, ɗana. Kai mahauci ne, ka san abin da ake yi wa gefen da ya ɓaci don a ceci sauran."

A daidai wannan layin likita ya yanke.

Ga abin da zari ya karɓa a wurin Nagoda. Hannun hagu daga wuyan hannu, da yatsunsa biyar. Haƙoran gaba huɗu, waɗanda mikin baki ya cinye dasashinsu suka zube. Teburinsa a rumfar mahauta, Sarkin Pawa ya ba wani, don ba a fiɗa da hannu ɗaya. Gidajen da yake yi wa fiɗar Salla daga Tudun Wada har Tudun Jukun, 'yan'uwansa suka raba. Takensa, mai kalangu ya daina kaɗawa. Hannun dama da ya rage masa kuwa, da shi yake cin tuwo, da shi yake gaisawa da mutane, da shi kuma yake tsarki.